Daga Fiyano zuwa FL Studio a Mararaban Rido

A shekarun 1990, duk mai son haɗa kiɗan zamani a Arewa fiyano yake nema. Da fiyanon Yamaha sitidiyon Iyan-Tama ya yi suna a Kano, waƙar fim ɗin Sangaya ta 1999 kuma ta nuna wa kowa abin da akwatin nan zai iya. A gefen Kaduna coci ce ta raini makaɗa. Yaro a Mararaban Rido, kan hanyar Kachia, yakan raɓe bayan mawaƙa ranar gwaji, ya danna maɓalli ɗaya ganga ta tashi, yatsunsa su bi murya. Kunne ne malaminsa.

Sai kwamfuta ta shigo. Cubase na kamfanin Steinberg a Jamus ya fito tun 1989, amma wanda ya ratsa unguwanni shi ne FruityLoops na Beljiyam, da ya koma FL Studio a 2003. Jari ya yi sauƙi: laftof na hannu, makirifo, da ɗaki guda da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango.

Koyon ne ya yi tsauri. Gwanin fiyano yakan buɗe manhajar FL Studio ya ga tagogi birjik, komai da Turancin injiniyoyi. Ya jera waƙa tun daga farko har ƙarshe, ya kunna, sai guntu ɗaya ke ta maimaituwa, don kawai maɓalli yana kan PAT maimakon SONG. Ya rera, muryarsa ta dawo masa a makare, babu wanda ya gaya masa zancen ASIO, mai rage wannan jinkirin. In ta gwaji ya sauke, za ta adana aikin, amma gobe ba za ta buɗe shi ba. Ga ɗauke wuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidaje 16 da manhajar ke shimfiɗa wa sabon shiga, huɗu-huɗu. Yawancin kiɗan zumuntar mata a coci, da tulunsu da caki, uku-uku yake tafiya. Ana iya sauya lissafin, sai dai wurin a ɓoye yake, don haka yara da yawa suka riƙa lanƙwasa waƙar iyayensu mata ta dace da gidajen. Kalangu ma ba ya cikin sautukan da ta zo da su. Da a filashi ake miƙa wa juna sautinsa, yanzu ta WhatsApp.

Yau yaro kan fara da BandLab a waya, amma in ya zo kan kwamfuta, sai ya zauna gefen oga wata da watanni kafin a bar shi ya ɗauki muryar kowa.