Wa Zai Rubuta Tarihin Dutse? Darasi Daga Tarihin Guraben Bincike



Yau za mu taɓo wani nau'in rubutu da ba mu cika kula da shi ba, wato takardar neman gurbin bincike a cibiyar jami'a. Abin da ake nufi da gurbin bincike shi ne wata cibiya ta karɓi mutum na 'yan watanni ko shekara, ta ba shi wurin zama da alawus da damar shiga laburare, shi kuma ya kammala aikin da ya yi alkawari a rubuce. Idan muka duba littattafan da muke dogaro da su wajen sanin tarihin ƙasar Hausa, za mu tarar da yawansu sai da wata hukuma ta ɗauke wa marubucin nauyin cefane kafin ya zauna ya rubuta. Yankin Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun kuwa bai samu kaso mai tsoka a wannan rabo ba, kuma hakan ya bar giɓi a abin da aka sani game da mu.

Bari mu fara da misalin da kowane marubucin Hausa ya sani. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja. Wannan littafi ya zame masa shaida. A 1936 aka ɗauko shi daga aji aka kai shi Zariya na kimanin wata shida, aka tara masa littattafan tatsuniyoyi na ƙasashe daban-daban, aka ce ya zauna ya rubuta. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku. Imam yana da baiwa tun kafin ya je Zariya, amma baiwar ta samu lokaci da kayan aiki da wanda zai duba rubutun. Waɗannan su ne abubuwan da gurbin bincike yake bayarwa har gobe, kuma aikin da mutum ya riga ya yi shi ne ke buɗe masa ƙofa.

Bayan samun 'yancin kai, irin wannan ɗaukar nauyi ya koma hannun jami'o'i. A farkon shekarun 1960 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙarƙashin jagorancin H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Aikin shirin shi ne bin gidajen malamai da fadoji ana neman rubuce-rubucen Larabci da ajami, ana ɗaukar hotonsu, ana tsara sunayensu. Rahotonsa na farko ya fito a 1966. Cikin waɗanda suka riƙe gurbin bincike a wannan shiri akwai Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana karatu a gaban Waziri Junaidu, ya samu digirinsa na uku a Ibadan a 1964, littafinsa kan Daular Sakkwato kuma ya fito a 1967. A 1969 aka buɗe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, a 1970 kuma aka buɗe Gidan Arewa a Kaduna a gidan marigayi Sardauna. Daga wannan makaranta ta Zariya ne Yusufu Bala Usman ya fito da bincikensa kan Katsina, Abdullahi Mahadi kuma ya yi nasa kan Kano.

To, ina Dutse a cikin wannan hidima? Tana nan, amma a gefen shafi. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, inda ya nuna shi ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse. Wannan ya nuna tun ƙarni na 15 garin yana da sarauta mai nauyin da Kano za ta nemi surukuta da ita. Amma wanda ya rubuta littafin yana zaune ne a birnin Kano, saboda haka Dutse ba ta fitowa sai idan Sarkin Kano ya nufo ta da yaƙi ko da aure.

Haka abin ya ci gaba a binciken zamani. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos ya zo Birnin Kudu ya nazarci zanen da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda aka zana shanu marasa tozo, ya kuma rubuta a kan duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su. Maƙalarsa a kan waɗannan duwatsu masu amo ta fito a 1956. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Adell Patton ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Wisconsin a kan Ningi, inda ya bi labarin malaman da suka bar Tsakuwa tare da Malam Hamza a shekarun 1840, da hare-haren da Ningawa suka riƙa kai wa kudu maso gabashin ƙasar Kano, wato yankinmu ke nan. A 1978 Adamu Fika ya fitar da littafinsa kan Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, lokacin da Yusufawa suka yi sansani a Takai, maƙwabciyar Dutse. Dukkan waɗannan ayyuka ne masu daraja, kuma duk wanda zai rubuta a kan yankin dole ya karanta su. Sai dai kowannensu da tambayar da ta kawo shi. Fagg duwatsu ya zo gani, Patton daga tsaunukan Ningi yake hango mu, Fika kuma gadon sarautar Kano ne a gabansa. Ba laifinsu ba ne, abin da suka nemi a ɗauki nauyinsu su yi ke nan, kuma sun yi.

Wani dalilin kuma na tsarin mulki ne. A zamanin Turawa da bayansa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Rahotannin haraji da na rangadin jami'an mulki a kan gundumomin Dutse da Birnin Kudu da Jahun an ajiye su ne cikin fayilolin Lardin Kano, mafi yawansu a gidan adana takardun gwamnati da ke Kaduna, wasu kuma a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano. Mai neman tarihin Dutse sai ya tona cikin tarihin Kano kafin ya tsinto nasa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ta kuma tsaya a matsayin ɗaya daga masarautu biyar na jihar tare da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim. Shekara 20 bayan haka, a 2011, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 kuma jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Karo na farko ke nan da ɗan Kiyawa ko 'yar Birnin Kudu za su iya samun malamin jami'a da laburare ba tare da sun kwana a Kano ko Zariya ba. Uzurin nisa ya ragu. Abin da ya rage shi ne mu iya nema.

A nan ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin guraben bincike na masu manyan digiri ne ko ma'aikatan jami'a. Asusun TETFund, wanda dokarsa ta yanzu ta fito a 2011, malaman manyan makarantun gwamnati yake ba kuɗin bincike. Gurbin Leventis a makarantar SOAS ta Landan na 'yan Nijeriya ne masu digiri na uku. Shirin tallafa wa nazarin adabi da tarihi da Gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi daga 2008, a ƙasashe biyar har da Nijeriya, shi ma malaman jami'a da masu rubuta kundin digiri na uku ya nufa. Cikinmu akwai masu wannan mataki, akwai masu hanyar zuwa, akwai kuma waɗanda alƙalami kawai suka riƙe. Na ƙarshen ma ba a rufe musu kowace ƙofa ba. Babban Laburaren Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa tun 2004, wanda yake ba da kuɗi a ɗauki hoton tsofaffin rubuce-rubuce a inda suke, asalin ya zauna hannun masu shi. Irin wannan aiki galibi da sunan wata cibiya ake nema, amma ba ya yiwuwa sai da ɗan gari wanda ya san gidan da kundin yake, kuma mai gidan ya yarda da shi. Ga masu ƙagaggun labarai kuma akwai gidan marubuta na Ebedi a Iseyin ta Jihar Oyo, wanda Wale Okediran ya kafa a 2010, inda marubuci ke zama 'yan makonni ya ƙarasa littafinsa.

Duk inda mutum zai nema, takardar kusan abu ɗaya take tambaya, kuma tarihin da muka bi a sama ya riga ya koya mana amsoshin.

Na farko, tambaya guda mai iyaka. Wanda ya rubuta cewa zai binciki tarihin Jigawa baki ɗaya ya faɗi tun a layin farko, domin masu tantancewa sun san wata shida ba za su isa ba. Amma wanda ya ce zai bi yadda noman dabino ya kafu a Dutse, da yadda kafa tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR a garin ya shafi manoma, ya ba su abin da za su iya aunawa. Haka wanda zai tattara abin da tsofaffin ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram suka gada na labarin harin Ningawa, ko wadda za ta rubuta tarihin kasuwar Shuwarin daga bakin 'yan kasuwarta.

Na biyu, ka nuna ka san abin da aka riga aka rubuta. Idan batunka harin Ningawa ne, ka ambaci aikin Patton, ka faɗi inda ya tsaya, ka nuna abin da za ka ƙara. Mai tantancewa yana son ya ga ka san magabata, kuma ba maimaita su za ka yi ba.

Na uku, ina hujjojin suke? Kada ka ce za ka yi hira da dattawa ka yi shiru. Ka faɗi garuruwan, da irin mutanen, masu unguwanni ne ko limamai ko maƙera ko tsofaffin mata, da kimanin adadinsu, da yadda za ka nemi izininsu kafin ka naɗi muryarsu. Ka faɗi fayilolin da za ka nema a Kaduna. A nan ne ɗan gida ya fi baƙo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo kan ɓata wata uku yana neman wanda zai gabatar da shi a fada, mu kuwa wataƙila kawunmu ne ke zaune a ƙofar.

Na huɗu, jadawalin aiki da kasafin kuɗi na gaskiya. Kuɗin mota zuwa Kaduna, masauki, na'urar naɗar murya, ɗan goron da za a ba dattijon da ya ba ka yininsa, duk a rubuta su yadda suke. Kumbura kasafi yana zubar da mutunci, ragewa fiye da kima kuma yana nuna mutum bai taɓa fita aiki ba.

Na biyar, samfurin rubutu da masu shaida. Ruwan Bagaja ce ta kai Imam Zariya. Mu ma sai mun ajiye wani abu a ƙasa, ko maƙala ce mai shafi goma da aka tace da kyau. Masu shaida kuma ana neman su ne tun da wuri, a ba su takardar su karanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba ya cikin jami'a ya je sashen tarihi ko na harsuna a Dutse ko Kafin Hausa ko Bayero, ya gabatar da kansa da aikinsa, ya nemi malamin da zai tsaya masa.

Akwai maganar harshe. Kusan duk waɗannan takardu da Turanci ake cike su, kuma wannan na karya gwiwar wasunmu. Shawararmu ita ce mutum ya fara tsara tunaninsa da Hausa har sai ya iya faɗin tambayarsa a jimla biyu, sannan ya juya, ya ba wanda ya fi shi Turanci ya gyara. Kuma ya rubuta a fili cewa sakamakon zai fito da Hausa. Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari da Hausa tun shekarun 1950, har yau masu bincike na komawa gare shi.

Abin da ya sa muke ganin maganar ba ta jiran gobe shi ne hujjojin kansu suna tafiya. Wanda ya yi wayo a zamanin En'e yau ya haura saba'in ko tamanin. Waɗanda suka ji labarin Ningawa daga bakin kakannin da suka gani da ido saura ƙalilan. Kundayen da ke cikin gafakar malamai a Garu da sauran tsofaffin unguwanni suna fama da gara da damina, wasu kuma ana raba su wurin gado su watse. Fayil ɗin Kaduna zai iya jiranmu wasu shekaru, amma dattijon da ke zaure ba shi da wannan alkawari.

Ana ƙin karɓar takarda fiye da yadda ake karɓa, wannan haka yake ko'ina. Amma takardar da aka ƙi ba ta zama asara ba, domin ta riga ta tilasta wa mai ita ya san tambayarsa da hujjojinsa da tsawon aikinsa, kuma da wannan zai iya fara hira ta farko ko da kuɗin aljihunsa. Saboda haka aikinmu na wannan mako shi ne kowa ya zaɓi batu ɗaya daga garinsu, ya rubuta shafi guda: mece ce tambayar, wa ya taɓa rubutu a kai, su wa za a tambaya, kuma wata nawa aikin zai ci. Mai nema yana tare da samu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana abin karantawa, Ya ba mu ikon barin namu ga na baya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.