Magagari da Asalin Al'adar Kula da Haƙoransa

Magagari, wato ƙarfen nan mai ƙananan haƙora da maƙera ke goge wani ƙarfen da shi, ya daɗe yana cikin kayan aiki masu tsada a Turai, domin har zuwa ƙarni na 19 da hannu ake sara haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Tun a ƙarni na 12 wani malamin Kirista mai suna Theophilus ya rubuta yadda ake ƙara masa tauri, inda ake barbaɗa masa ƙonannen ƙahon sa da gishiri yana ja wur, sannan a tsoma shi cikin ruwa.

A Sheffield ta ƙasar Ingila, wadda ta yi fice a wannan sana'a, a da mai saran haƙora yakan ɗaure ƙarfen da maɗaurin fata da ya taka da ƙafa, ya riƙe kurfi a hagu da guduma a dama, yana sara yana matsawa, ba tare da ma'aunin da ya wuce idonsa da sabawar hannunsa ba. Domin kada haƙoran da aka riga aka sara su lalace idan an juya ɗaya fuskar, sai a shimfiɗa dalma a ƙarƙashi, kuma gubar wannan dalmar ta nakasa masu sana'ar da dama, abin da masu saye ba su cika tunawa da shi ba.

Kayan da aka sha wannan wahala kafin a samu ba a wasa da shi, kuma hakan ne ya kafa ƙa'idodin da ake koya wa almajirin maƙeri. Sabon magagari da tagulla yake fara aiki, sai ya ɗan dakushe a mayar da shi kan baƙin ƙarfe. Ana shafa masa alli domin kada ɓurɓushi ya cushe tsakanin haƙora ya riƙa karce abin da ake gogewa, wanda ya maƙale kuwa a fitar da shi da buroshin waya ko tsinken jan ƙarfe, ana bin layin saran. Ba a jibge magagarai wuri guda suna gogar juna.

Ko da William Nicholson ya kafa kamfaninsa a Providence ta Amurka a 1864, injuna suka karya farashin magagari, waɗannan ƙa'idodi ba su faɗi ba, domin haƙorin da inji ya sara yana cushewa daidai da wanda hannu ya sara.