Daga Lawanti zuwa Sakkwato: Tafiyar Awa Ɗaya da ke Cin Yini

Jama'ar Shamaki, da yawa daga cikinmu iyayenmu daga yamma suka zo, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Sakkwato. Har gobe can danginmu suke. To bari mu duba nisan da ke tsakanin filin jirgin samanmu na Lawanti da na Sakkwato, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Idan an miƙe ta sama, kusan kilomita 700 ne, tafiyar kamar awa ɗaya.

Wannan hanya tsohuwa ce. Ita Buba Yero ya bi ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa masarautar Gombe. A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yo hijira gabas da jama'arsa, a ƙafa da bisa dawaki, sai a watan Yuli ya yi shahada a Burmi, nan cikin ƙasar Gombe. A zamanin nan da watanni ake auna nisa.

Bayan an dawo da fadar Gombe nan Doma a 1919, cinikin auduga da gyaɗa ya jawo kakanninmu. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, sai dai layinsa ta Bauchi ya bi ya nufi kudu, bai je Sakkwato ba. Aka ƙirƙiri Jihar Gombe a 1996, aka gina filin Lawanti a kan hanyar Bauchi zamanin Gwamna Danjuma Goje.

Yanzu ga abin lura. Jiragen fasinja da ke tashi daga Lawanti, Abuja suke fuskanta. Mai son Sakkwato sai ya yi kilomita sama da 400 zuwa Abuja, ya zauna jira, sannan ya sake yin kusan 500 zuwa arewa: tikiti biyu, yini guda. Ta mota kuwa, ta Kano da Gusau, ya haura kilomita 900. Amma da aikin Hajji ya zo, daga Lawantin nan ake ɗaukar alhazai zuwa Saudiyya, tafiyar da ta wuce kilomita 3,000. Ka ga ke nan filin bai gaza ba. Kamfanin jirgi kujeru yake ƙirgawa, inda fasinja suka taru nan yake zuwa, kuma tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 kowace hanya can ta karkata.

Mu muka san zafin abin. A yi rasuwa a Sakkwato da asuba, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa, mu sai dai mu isa ta'aziyya. Yaranmu kuwa wasunsu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba.

Saboda haka kada mu jira jirgi kafin mu sada zumunci. Waɗanda suka taka hanyar nan da ƙafa ba su yanke shi ba, balle mu masu mota da waya. Mu riƙa haɗa kuɗin mota lokacin hutun makaranta, mu tafi da yara su gaida dangi tun suna raye. 'Yan kasuwarmu kuma su tara murya wurin hukuma a kan jirgin da zai haɗa garuruwan Arewa kai tsaye. Allah Ya sa mu dace, amin.