Kasuwa da Majalisa: Yadda Za a Auna Hira a X da Mastodon

A ƙarshen Oktoban 2022 Elon Musk ya kammala sayen Twitter a kan dala biliyan 44, nan take jama'a suka fara tattara komatsansu. Eugen Rochko, matashin da ya ƙirƙiro Mastodon a Jamus a 2016, ya bayyana cewa masu shiga manhajarsa a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa miliyan 2.5. Cikin shekaru biyu adadin ya zaizaye ƙasa da rabin haka. Tun daga nan ake ta musu. Wasu na cewa ƙananan kafofi irin Mastodon kufai ne, ka yi magana ba mai amsawa. Wasu na cewa a can ne kaɗai hira mai ma'ana ta rage. Hujjar wannan maƙala ita ce, kowane ɓangare da mudun da yake awo, kuma natsuwar da ake yabo a ƙananan kafofi ta fi samuwa daga ƙarancin jama'arsu fiye da daga tsarinsu.

Sai an fara fahimtar ginin. X, sunan da Twitter ya koma a Yulin 2023, kasuwa ce mai sarki ɗaya: kamfani guda ke da rumfuna, shi ke kafa doka, shi ke karɓar kuɗin talla. Mastodon kuwa dubban zauruka ne, kowanne da mai shi da dokokinsa, suna gaisawa da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub wadda aka amince da ita a 2018. Wanda ke zauren masana lissafi zai iya bin wanda ke zauren masu zane, kamar yadda mai adireshin Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. Bluesky ma, wadda ta buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024, tana iƙirarin irin wannan tsari, ko da yake a aikace kusan kowa a gidan kamfanin yake zaune.

Wajen yawan hada-hada babu gardama, X ne a gaba, goma ta rinjayi biyar. Amma ƙidaya tana da yaudara. Binciken cibiyar Pew a 2019 ya nuna cewa a cikin Amurkawa manya masu amfani da Twitter, kashi 10 cikin ɗari ne ke rubuta kashi 80 na abin da ake wallafawa. Wato hayaniyar da ake ji ta 'yan tsiraru ce, saura 'yan kallo ne. Ga kuma lissafin na'ura da ke zaɓar abin da zai hau gaban idon mai karatu. Takardun da Frances Haugen ta fitar daga Facebook a 2021 sun nuna akwai lokacin da alamar motsin rai, har da ta fushi, ke da nauyin "like" biyar a wannan lissafi. Idan an saka wa fushi farashi, dole a samu masu noma shi. Don haka saƙon da ya tara martani dubu ba lallai ya zama an tattauna shi ba. Sau da yawa taron dambe ne.

A nan tsarin Mastodon ya cancanci yabo. Saƙonni na zuwa ne bi da bi, gwargwadon lokacin da aka rubuta su, ba wata na'ura da ke ɗaga mai zafi sama. Babu talla. Ana ba marubuci haruffa 500, alhali Twitter ya daɗe a kan 140 kafin ya ninka a 2017. Shekara da shekaru Rochko ya ƙi saka maɓallin da ke bai wa mutum damar ɗauko maganar wani ya ɗora tasa a kai, don a ganinsa hanya ce ta nuna wa mabiya wanda za su jefa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗauko jimla ɗaya daga bakin wani malami, a yanke mata kai da ƙafa, a miƙa wa dubban mutanen da ba su san mafarin zancen ba, ya san Rochko bai yi ƙarya ba. A ƙaramin zaure kuwa, mai tambaya kan wata matsalar kwamfuta yakan samu amsa uku ko huɗu, kowacce daga wanda ya karanta tambayar har ƙarshe.

Sai dai tambayar da masu yabon ke tsallakewa ita ce, su wane ne a zauren? Wanda ya jure wahalar zaɓen zaure, ya haƙura da rabuwa da mabiyansa, ya riga ya tace kansa. Galibinsu masana kwamfuta ne, malaman jami'a da 'yan jarida na Turai da Amurka, masu ra'ayi kusan iri ɗaya. Mun san haka a majalisar ƙofar gida: hira takan yi daɗi a kan benci saboda kowa ya san kowa, kuma wanda bai dace ba tuni ya daina zuwa. Wannan lumana ce ta gaske, amma ba hujja ba ce cewa an iya sarrafa saɓani. Da shafin Gab, matattarar masu tsattsauran ra'ayi, ya koma amfani da manhajar Mastodon a 2019, abin da zauruka da yawa suka yi shi ne toshe shi ɗungurungum. Matakin ya yi daidai, amma rufe ƙofa ne, ba muhawara ba.

Kuma tsaron zauren a wuyan 'yan sa-kai yake, mutum ɗaya ko biyu da ke biyan kuɗin na'ura daga aljihunsu, suna share ɓarna bayan sun tashi daga aiki. In sun gaji, zauren ya mutu. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano hotunan cin zarafin yara a wasu zaurukan, abin da ya nuna rashin shugaba ɗaya bai hana ɓarna ba, ya dai rarraba alhakin kawar da ita.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana nata darasin. Da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jami'anta sun buɗe shafuka a kafar Koo ta Indiya. Jama'a ba su bi su ba, suka nemi VPN suka ci gaba da zama inda abokan hirarsu suke. Koo ta rufe a 2024. Koo ba ta da tsarin zauruka, amma labarinta ya nuna abin da ke riƙe mutum: ba kyan gini ba, mutanen ciki. Bahaushen da ya shiga Mastodon yau da wuya ya tarar da wanda zai amsa masa sallama da harshensa.

Saboda haka duk mai kwatanta kafofin biyu ya daina ƙirga martani, ya kuma daina ɗaukar shiru a matsayin hikima. Ya duba ko mutane biyu masu saɓanin ra'ayi sun yi musayar magana sau uku ba tare da zagi ko toshewa ba. A wannan awo X ya faɗi, Mastodon kuwa ba a gwada shi ba tukuna, domin bai tara jama'ar da za ta gwada shi ba.