Asalin Kalma: "Take Off"

Yawancinmu a filin jirgin sama muka fara jin "take off", lokacin da jirgi zai tashi. Amma furucin ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba.

Ita "take" baƙuwa ce a Ingilishi. Mutanen Sikandinebiya da suka mamaye sassan Ingila ne suka zo da ita a matsayin "taka", a hankali ta ture 'yar gida "niman". "Off" kuwa da "of" asalinsu ɗaya, sai wajen ƙarni na 17 aka gama raba su a rubuce.

Tushen ma'anar shi ne ɗauke abu daga inda yake: tuɓe riga, cire takalmi ko hula. Ma'aikaci ma da ita yake ɗaukar hutun kwana guda. Idan babu abin da aka ɗauke, to mai aikin ne da kansa ya ɗaga: jirgi ya tashi, ɓarawo ya ranta a na kare, sana'a ta haɓaka farat ɗaya. Wannan ta ƙarshen ta fi burge ni, domin hoton jirgin aka aro mata. A Birtaniya har kwaikwayon muryar mutum don ban dariya ana nufi da ita.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne jerin kalmomin. "Take off your cap" da "take your cap off" duk daidai ne. Amma wakilin suna dole ya shiga tsakiya: "take it off" ake cewa, ba "take off it" ba.