Nashal

nashal (suna, namiji, a Larabci *saubun-nashal*, wato rigar nashal)

1. Doguwar rigar ado ta matan Bahrain da maƙwabtansu na gaɓar Tekun Fasha. Ana ɗinka ta da siliki ko wani yadi shara-shara, ja ko kore ko baƙi. Faɗinta kamar na babbar riga, hannuwanta har ƙasa, ana ma iya ɗaga ɗaya a yafa a ka. Akan ɗora ta ne a kan wata riga ta ciki.

2. Kwalliyarta aikin zaren zinariya ce daga wuya zuwa ƙirji da bakin hannu. A birnin Muharrak na Bahrain har yau mata na saƙa irin wannan ado, mai suna *kurar*: ɗaya na riƙe da allura, sauran na sarƙa zare a yatsunsu.

*Amfani:* tufar biki ce, ta aure da Sallah da Ranar Ƙasa ta Bahrain, 16 ga Disamba. Ba a bukatar baƙuwa ta sa ta. Ladabi shi ne ta rufe kafaɗa da gwiwa, a masallaci kuma ta sa abaya da mayafi.

*Misali:* Amarya ta fito cikin koren nashal, zinariya sai walƙiya take.