Zafi da Dauɗa a Tarihin Famfon Mai na Jirgin Sama, 1903 zuwa 2010

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta kan tarihin jirgin sama ya fi karkata ga fukafukai da injuna da kuma jaruntakar matuƙa. Ba kasafai ake waiwayar hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji ba, alhali kuwa idan ta toshe, ƙarfin inji ba shi da sauran amfani. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda aka yi ta sake fasalin wannan hanya saboda matsaloli biyu, watau zafi da dauɗa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, matsalolin nan a sarƙe suke, kuma sau da yawa maganin da aka samo wa ɗaya shi ke buɗe wa ɗayar ƙofa.

Daga gangara zuwa famfo

Jirgin da Orville da Wilbur Wright suka tayar a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, ba shi da famfon mai. Wani ɗan ƙaramin tanki aka ɗaura a saman inji, mai yana gangarowa da nauyin kansa. Wannan dabara ta wadatar muddin jirgi bai yi nisa da ƙasa ba. Da jirage suka fara lulawa sama sosai, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka tarar cewa inda nauyin iska ya ragu, fetur yakan rikiɗe ya zama tururi a cikin bututu, famfon inji ya yi ta juyawa ba ya jawo komai. Dalilin ke nan da ya sa aka riƙa dasa famfunan lantarki a cikin tankin kansa, domin su tura mai da ƙarfi maimakon a zuƙo shi daga nesa.

Zuwan injin jet, wanda ya fara tayar da jirgi a Jamus a 1939, sa'an nan a Ingila a 1941, ya kai ga amfani da mai dangin kananzir. Irin wanda ake kira Jet A-1 an tsara shi yadda ba zai daskare ba kafin sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri. Amma kowane kananzir yana ɗauke da ɗan ruwa narke a cikinsa. Idan man ya yi sanyi a sararin sama, ruwan yakan rabu da shi, ya zama ƙwayoyin ƙanƙara, su taru a jikin mataci, wanda makanikai ke kira filta. A 1958 wani jirgin yaƙi na Amurka samfurin B-52 ya faɗi a jihar Dakota ta Kudu saboda ƙanƙara ta hana mai isa ga injunansa. Bayan wannan ne rundunar ta wajabta zuba maganin hana ƙanƙara a cikin manta.

Su kuwa masu ƙera jiragen fasinja, hanyar ɗumama mai suka fi bi. Baƙin man inji yana bukatar a sanyaya shi, kananzir kuma yana bukatar ɗumi kafin ya isa mataci. Sai aka haɗa su a na'urar musayar zafi, inda kananzir ke ratsa ɗaruruwan siraran bututu, baƙin mai kuma yana kewaya su ta waje. Bugu da ƙari, aka yi wa mataci ɓarauniyar hanya mai buɗewa da kanta idan ya toshe, bisa hujjar cewa gara mai mai datti ya isa inji da a ce bai isa ba ko kaɗan.

Mai ya zama ma'ajiyar zafi

Jiragen da suka fi sauti gudu sun juya matsalar. Gogayya da iska takan sa jikinsu ya yi zafi ƙwarai, iskar waje kuma ba ta iya sanyaya komai. Abu mai sanyi da ya rage a cikin jirgi shi ne man da ke tanki. Jirgin leƙen asirin Amurka, SR-71, wanda ya fara tashi a 1964, yana kuma ninka gudun sauti sau uku, ya yi amfani da wani mai na musamman, JP-7, mai jure zafi ba tare da ya bar ƙanzo a bututu ba. Man yakan kwashe zafin sassan jirgin kafin a ƙone shi, kuma wuyar kama wutarsa ta sa sai da wani sinadari dabam ake tayar da injin. Haka nan Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya fara tashi a 1969, ya yi jigilar fasinja daga 1976 zuwa 2003. Tankuna 13 gare shi, kuma famfunansa kan kai mai gaba ko baya domin daidaita nauyin jirgin, man kuma yana ɗauke zafin na'urorin sanyaya ɗakin fasinja.

Sai dai ɗumin da ba a shirya masa ba haɗari ne. Ranar 17 ga Yuli, 1996, jirgin kamfanin TWA samfurin Boeing 747 ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa daga Niyok, mutum 230 suka rasu. Bincike ya nuna cewa tankin tsakiya kusan babu mai a cikinsa, na'urorin sanyaya iska da ke ƙarƙashinsa kuma sun ɗumama tururin da ya rage har ya kai matsayin kama wuta. Masu binciken sun fi zargin tartsatsin wayar lantarki. A 2008 hukumar sufurin sama ta Amurka ta kafa dokar rage wannan haɗari, aka koma cika sararin irin wannan tanki da iskar naitirojin.

Darussan 2008 da 2010

Ranar 17 ga Janairu, 2008, jirgin British Airways samfurin Boeing 777 ya taso daga Beijin zuwa Landan da mutum 152. Yana dab da sauka sai injunansa biyu, ƙirar Rolls-Royce, suka ƙi ba da ƙarfin da aka nema, ya dira kimanin mita 300 kafin titin sauka. Ba wanda ya rasu. Abin da ya ɗaure wa masu bincike kai shi ne, man bai daskare ba, domin sanyinsa bai wuce digiri 34 ƙasa da sifiri ba, ruwan da ke cikinsa ma bai zarce na al'ada ba. Sai bayan doguwar jarrabawa aka gane cewa a tsawon sa'o'in tafiya cikin sanyi, ana jan mai a hankali, ƙanƙara mai laushi ta yi ta manne wa cikin bututu. Da aka nemi ƙarin ƙarfi wajen sauka, sai mai ya kwaso ta gaba ɗaya, ya jibge ta a fuskar na'urar musayar zafi. Bakunan siraran bututun nan sun ɗan turo waje da 'yan milimitoci, inda ɗumin baƙin mai ba ya kaiwa, saboda haka ƙanƙarar ba ta narke ba. Watau na'urar da aka ƙirƙiro domin kare mataci daga ƙanƙara ita kanta ta zama matacin da ya toshe, ga shi kuma kananzir ba shi da ɓarauniyar hanyar kewaye ta. Gyaran da aka yi shi ne daidaita bakunan da fuskar na'urar.

Shekara biyu bayan haka, ranar 13 ga Afrilu, 2010, jirgin Cathay Pacific samfurin Airbus A330 ya sha mai a Surabaya ta ƙasar Indunusiya. Ruwan gishiri ya riga ya shiga bututun filin jirgin, ya lalata sinadarin tsotse ruwa da ke cikin matacin motar ba da mai. Ƙananan ƙwayoyin sinadarin suka bi mai har cikin injuna, suka maƙale bawul ɗin da ke auna shi. Matuƙan sun sauke jirgin a Hong Kong da gudu fiye da kima, ba a kuma rasa rai ba. Nan ma, garin neman gira ne aka kusa rasa ido, domin abin da aka sa don tsarkake mai shi ya gurɓata shi. Daga bisani masana'antar ta shiga janye irin wannan mataci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa mai ya tashi daga matsayin abin ƙonawa kawai, ya zama abin sanyaya jirgi da daidaita nauyinsa. Mun kuma ga cewa a 1996 da 2008 da 2010 ba famfo ne ya mutu ba. Aibin ya ɓuya ne a mahaɗar wani sashe da wani, inda kowane mai ƙira yake zaton aikinsa ya ƙare. Saboda haka muna ganin wajibi ne duk mai koyar da fasaha ya riƙa gabatar wa ɗalibai famfo da mataci da na'urar musayar zafi a matsayin tsari guda, tare da tarihin haɗurran da suka sa kowannensu ya ɗauki siffar da yake da ita.